Yau An Yi Sauri

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na wajen Kura ya san abin da hakan ke nufi. Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba, ko da kuskure. In yana son ruwan alwala sai ya dubi bango ya ce, "A kawo buta," ni kuwa na san da ni ake. Ƙannena yana ɗora su a cinya, yana kiran kowa da sunansa har da na tsokana. Ni da na shigo zaure sai ya gyara zama ya kama murɗa rediyo. Kunyar ɗan fari ke nan, haka aka gada, kuma mu masu jinin Fulani tamu ta fi ta kowa tsanani. Na ji, na kuma yarda. Amma ni mutum ne mai zuciya tun ina ƙarami, abin yana ci na ba kaɗan ba. Abu ɗaya na nema daga bakin bawan Allahn nan: ya dube ni ya ce na yi ƙoƙari, in san ko ina cikin ransa.

Baba ma'aikacin ruwa ne. Shi ke buɗe ƙofofin kanal a ɓangarenmu, tsakanin Kadawa da hanyar Bunkure, yana raba wa manoman rani ruwa layi-layi, yana shan zagin wanda ruwa bai iso gonarsa da wuri ba. A bayan ofishinsu akwai wata rumfar kwano, a cikinta akwai tsohon teburin tanis. Koren fentinsa ya koɗe, ƙafa ɗaya ta ruɓe an tokare ta da bulo, ragar kuwa ɗinki ya fi zaren asali yawa. Nan ma'aikata ke taruwa bayan la'asar.

Ni ake aika wa da abincin Baba. In na ajiye kwano sai in laɓe ina kallon ma'aikatan, shi kuwa ba ya wasa in ina wurin; in babu kowa in ɗauki bat, wato faifan bugawa, ina buga ƙwan tanis da bango. Wata rana ina shirin tafiya na ji ana ƙwanƙwasa ƙwai a kan tebur, tak, tak, tak. Baba ne tsaye, fuskarsa tana wajen kanal kamar mai lissafin ruwa. Ƙaninsa, Baffa, wanda ke noman tumatur kusa da wurin, yana zaune a benci. Ya harare ni ya ce, "Kai, kurma ne kai? Ba ka ji ana kira ba?" Tun daga ranar wannan ƙwanƙwasar ta zama kirana.

Baba mai sara ne. Ga wanda bai san wasan ba, mai sara ba ya tsayawa a bakin tebur. Can baya yake ja, ya jira ƙwan ya fara saukowa, sannan ya sauke bat daga saitin kunne zuwa gwiwa, kamar mai yankan shinkafa da lauje. Ƙwan sai ya dawo ƙasa-ƙasa, a hankali, yana juyawa baya, da nauyi kamar an jiƙa shi. Ka doke shi kai tsaye, raga zai faɗa. Dole ka shiga ƙarƙashinsa ka goge shi sama, ka murza shi gaba, da ƙafa da ƙugu da kafaɗa duka. Ni kuwa mai duka ne tun fil azal, ba ni da haƙurin jira. Sai in murza, ya sare, in murza, ya sare, in ƙara ƙarfi, ya ƙara ja baya, ƙwai ɗaya ya yi ta kai da komo har masu wucewa da kwandunan tumatur su sauke kaya su tsaya kallo. Daga ƙarshe hannuna ya mutu in zuba a raga. Baffa ya yi dariya ya ƙirga masa.

Bai taɓa ce mini "ka yi kaza" ko "daina kaza" ba. In na saba wani kuskure, sai ya yi ta turo mini irin ƙwan nan a wuri ɗaya har sai na gyara da kaina. Kuma wasa a wurinsa ashirin da ɗaya ne. An daɗe da mayar da shi sha ɗaya a ko'ina, yaran makaranta ma sun sani, amma in na faɗa sai ya girgiza kai yana kallon raga ya ce, "Ashirin da ɗaya." Nakan ce a raina taurin kan tsofaffi ne.

Gaskiya saran nan yana ba ni haushi, ba don yana cinye ni kawai ba. Gani nake yi ko a tebur ma gudu na yake yi. Ina matsowa yana ja da baya, ina zubo masa duk ƙarfina yana karɓa fuska ba yabo ba fallasa yana dawo mini da shi a sanyaye. Wata rana na faɗa wa Baffa haka, ina huci. Ya dube ni ya daɗe, kamar zai yi magana, sai ya ce in je in juya masa ruwa a fadamar albasa.

Ina sakandare wani koci ya zo daga Kano kallon gasar makarantu, ya ɗauke ni. Na shiga sansanin horo na jiha, na ga abin da ban taɓa gani ba: zaure mai fanka, tebura a jere babu mai tokari, kwando cike da ƙwai ana watso maka su ɗaya bayan ɗaya har ka ga duhu-duhu. Kocin gajere ne mai amon murya, ba ya rabo da usur a wuya. Karatunsa kullum ɗaya ne. "Mai sara ba ya cin ka, kai ke cin kanka. Jira yake ka gaji. Kada ka ba shi lokaci. Ka ba da ƙwai, ya dawo da shi, bugu na uku ka kashe. Wanda ya ja wasa ya ja wa kansa." Ya koya mana sauya nauyin murza, da ajiye ƙwai gajere a bakin raga don mai sara ya rugo gaba, sannan a harba masa a jiki kafin ya koma.

Akwai mai sara guda a sansanin, an ajiye shi ne musamman don mu koyi ɗaga ƙwai a kansa. Sauran yara sun tsani ranar da za a haɗa su da shi. Ni kuwa kamar an ba ni tuwon gidanmu. Koci ya tsayar da horo ya ce, "Kai ɗan Kura, wa ya koya maka ɗaga sara haka?" Na ce, "Babana." Ya ce, "To ka gaishe shi, ya yi aiki." Ban isar da gaisuwar ba, don ban san ta inda zan fara ba.

Da na ciyo lambar farko a wata gasa a wajen jiha, ko sansani ban kwana ba na hau motar Zariya na sauka a hanya, na ƙarasa a babur. Na tarar da Baba a zaure. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye lambar a bakin tabarmarsa. Ya dube ta ta gefen ido, bai taɓa ta ba. Ya ce, "An dawo lafiya? A shiga a gaida mutanen gida." Shi ke nan. Wallahi ji na yi kamar in ɗauke ta in wurga a kanal. Na shiga ciki ina haɗiye hawaye, ƙato da ni.

Shekaru suka tafi, zuwana gida ya ragu, gasa nan gasa can. Baba ya yi ritaya, ƙafafunsa suka fara kumbura, amma bai daina zuwa rumfar ba. Wani rani na zo hutu, lokacin tumatur ya yi kaca-kaca, manyan motoci sun yi layi a bakin titi, ko'ina warin wanda ya ruɓe da na wanda aka shanya. Bayan la'asar ina wucewa ta bayan ofishin na ji tak, tak, tak.

Mun daɗe ba mu haɗu a tebur ba, kuma ban taɓa cinye shi ba. Ina ɗaura igiyar takalmi na yanke shawara. Na ce yau zan nuna masa abin da na zama. In ya ga ɗansa ya yi wasa irin na manya, wasan da ake tafa wa a birni, ai dole bakinsa ya buɗe, ko kalma ɗaya ce. Da wannan niyyar na tsaya, Allah ya sani.

Baffa ya zauna a bencinsa zai ƙirga. Na ce, "Baba, sha ɗaya ko?" Ya ce, "Ashirin da ɗaya."

Ban bar shi ya ja baya ba. Na ba da ƙwai gajere, ya turo, na kashe. Na sake, na kashe. In ya samu ya taka baya ya sare guda, sai in ajiye masa a bakin raga, ya taho da ƙafafun nan masu nauyi, in harba ta gefensa. Duk abin da koci ya zuba mini na juye a teburin nan, kuma ban taɓa wasa mai kyau irin na ranar ba. Baffa yana ƙirga, muryarsa tana ƙara yin ƙasa. Mai shayin da ke gefen rumfar ko ruwansa bai tafasa ba muka gama.

Na tsaya ina haki, ina jira. Baba ya kifa bat ɗinsa a kan tebur, ya share fuska da hular kansa, ya dubi raga. Ya ce, "Yau an yi sauri."

Abin da na samu ke nan. Na ɗauka ciwon kaye ne, na ce a raina ashe tsohon nan ko a bakin kabari ba zai yaba mini ba. Washegari na gaishe shi na koma Kano da zuciyata a cike.

Da damina ya rasu. Muna kudu wajen gasa aka bugo mini, kafin in iso an kai shi. Na zauna a ƙofar gida cikin 'yan karɓar gaisuwa, ina amsa "Ya haƙuri" da baki, cikina kuwa babu komai sai wani irin bushewa. Ana cikin haka wani dattijo ya zo daga Garun Malam, abokin wasansu na dā. Ya yi addu'a, ya shafa, sannan ya ce, "Allah ya jiƙan mai hannun wuta. Duk ƙasar nan ban ga mai duka irinsa ba. In ya murza maka ƙwai sai dai ka ji ƙararsa a kwano."

Na ce wa dattijon, "Baba, anya ba wani kuke nufi ba? Mahaifina mai sara ne."

Dattijon ya dubi Baffa. Baffa ya sunkuyar da kai. Da aka yi la'asar ya taɓa kafaɗata ya ce, "Taso, ɗana, raka ni."

Rumfar muka je. Kanal ya cika ya yi ja da ruwan sama, shinkafa ta rufe ko'ina. Baffa ya zauna a bencinsa ya ce, "Ubanka ya tsani sara. Wasan matsorata yake ce masa, da shi yake tsokana ta, don ni ne mai sara a gidanmu. Ranar da ya fara ganin ka kana buga ƙwai da bango, ya same ni a gona ya ce in koya masa. Na yi dariya har na zauna a kan kunyar gona. Wata da watanni muna zuwa nan da hantsi, lokacin kana makaranta, yana zubarwa yana tsaki, kafin ya yarda ya ƙwanƙwasa maka tebur."

Na ce, "Don me?"

"Na tambaye shi. Ya ce in ya doka, bugu biyu an gama, yaro ya juya baya ya tafi tsintar ƙwai. Ya ce, a gida ba dama, a hanya ba dama, a gaban mutane ba dama. A nan ne kaɗai zai tsaya ya fuskance ka babu mai cewa ya yi rashin kunya, ai ƙwai yake kallo. To yana so abin ya daɗe." Baffa ya goge ido da bakin riga. "Sau nawa na so in gaya maka. Ya ce in na faɗa ba shi ba ni."

Ban yi kuka nan da nan ba. Fushi ne ya fara zuwa, irin wanda ba ka san wa za ka shaƙe ba. Ba na cewa na yi laifi, abin da aka koya mini na yi, kuma don shi na yi. Shi ma abin da ya gada ya riƙe. Amma mutum biyu, tebur ɗaya tsakaninsu shekara da shekaru, kowa yana neman ɗan'uwansa, a ce a rasa wanda zai buɗe baki. Wannan abin har gobe yana ƙona mini rai. Ina ta jiran kalma, ashe duk yammacin da hannuna ya mutu a teburin nan ita ake ba ni, na ƙarshen kuma na gama shi kafin ruwan shayi ya tafasa.

Baffa ya tashi ya ce zai je ya duba ruwa, ya bar ni. Tun ina yaro gefe ɗaya nake tsayawa, wajen ƙofa. Ranar na zagaya ɓangaren Baba, na yi ta ja da baya har ƙafata ta faɗa wani ɗan kwari a bakin rumfa, inda dugadugansa suka cinye daɓen. Na tsaya a ciki na ɗaga kai na dubi wancan gefen. Daga nan ana ganin mutum gaba ɗayansa, tun daga kai har ƙafa.