Daddawar Inna da Waƙar Dunƙule

Ni da hannuna na kai wa mahaifiyata abin da ya kusa kashe mata sana'a. Shekarar da kuɗin man fetur suka fara zagawa aka yi mana ƙarin albashi, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Gwaram. Na sayi rediyo mai jakar fata na kai mata Birnin Kudu, ina ta hura hanci.

Inna daddawa take yi tun kafin a haife ni, da ita ta riƙe mu bayan rasuwar Baba. Daga wajen Fagam ake kawo mata kalwa, ta dafa, ta surfe, ta rufe a kwando kwana uku. Ba ta taɓa ɗora wa kowa talla ba. Takan ce ƙamshin shi ne ɗan aikenta, ko da yake maƙwabta ba ƙamshi suke kiransa ba.

To, a wannan rediyon ne waƙar ɗan dunƙulen miya ta fito, safe da yamma, da muryar wata mace kamar tana yi maka dariya:

"Uwargida, jefa ɗaya,
Miya ta tashi,
Maigida ya dawo da wuri."

Ba wani abin kirki a cikinta, amma ta kama gari. Masu ɗiban ruwa na yi, 'yan kamasho na yi a tasha. Ni kaina na tsinci bakina yana yin ta a gaban allo. Matan da suka shekara ashirin suna aikowa gidanmu suka koma kanti, wai daddawa ta mutanen da ce.

Wata Juma'a na zo na tarar da babbar tukunyarta a kife.

"Wannan kalwar ita ce ta ƙarshe," in ji ta. "Ba zan yi ta dafa abin da ba mai so ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san ba cinikin kaɗai ne ke tafiya ba. Matan nan da ke shigowa su ne hirarta, su ne duniyarta.

Washegari tana dakan wannan ta ƙarshen, sai na ji taɓarya na tafiya da wani kiɗa da na sani. Na kasa kunne. Inna ce ke rera waƙar dunƙule, ba ta ma sani ba! Na fashe da dariya. Ta tsaya, ta yi salati, ta harari rediyon.

"Kai, ɗan nan, abin nan maita ce. Ni da nake gaba da shi ma ya shiga bakina?"

Ta ci gaba da daka, amma na ga leɓenta na motsi.

Bayan mako guda aka yi suna a unguwa. Ƙanwata ce ta ba ni labari: mata na kiɗan ƙwarya, sai Inna, wadda ko gaisuwa ba ta ɗaga murya, ta karɓe waƙa. Karin waƙar dunƙule ne sak, baitin ne nata:

"Uwargida, saka daddawa,
Ta Inna mai kalwa,
Maigida ya nemi ƙari."

Aka ce guɗa har bakin titi.

Dunƙule dai bai bar gari ba, mata suka riƙa haɗa biyun a tukunya ɗaya. Amma da na dawo hutu na tarar da tukunyar Inna a kan murhu, tsakar gida cike da mata. Ana cikin haka rediyo ya saki waƙar. Matar rediyo na cewa "Uwargida", sai matan gidan da na bayan katanga suka danne muryarta da baitin Inna.

Inna na mulmula daddawa, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Ƙaro murya," ta ce da ni. "Tallata ake yi."