Ranar da Kajin Narayi Suka Tona Mini Asiri

Har ƙasa ta rufe mini ido ba na jin zan manta da wata Asabar ta shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula. Gari ya cika da zancen siyasa, ni kuwa wata bakwai ke nan da aka yanke mini mama na hagu saboda ciwon daji. Allah ya ba ni lafiya, na gode masa, amma madubi ya zama abokin gabata. Maigidana, wanda ke aiki a wata masaƙa a Kakuri, bai taɓa ganin tabon ba. Da na ji takunsa sai in rarumi hijabi. Da farko yana lallashi, daga baya ya koma gaisuwa da cin abinci kawai, kamar baƙo. Ina ji ina gani aurenmu yana sanyi, na kasa buɗe baki.

Muna zaune a Makera lokacin, muna da maƙwabciya tela, Kirista 'yar Kudancin Kaduna, mai ƙaunata ƙwarai. Ita ta ce audugar da nake cusawa a rigar mama ba ta da nauyi, shi ya sa take hawa har kusa da wuyana. Ta ce za ta ɗinka mini 'yar jaka a zuba hatsi. Na ce gero, ta ce Allah ya sawwaƙe, ai acca ta fi laushi, kuma kakanninta ba su yi kuskure da suka riƙe ta ba. Ta kalle ni sama da ƙasa kamar mai tayin kaya a kasuwa, ta auna gwangwanin madara ɗaya da rabi, ta zuba, ta bi da keke. Ba wadda ta tuna a cikinmu cewa ƙwayar acca ta fi ramin allura ƙanƙanta.

Sati biyu ina yawo da ita ina jin kaina daidai da kowa. Sai aka ba ni labarin wata tsohuwar nas a Narayi da ke tara matan da aka yi wa irin aikina. Ranar Asabar ɗin bayan azahar na shiga bas na tafi. Mu tara ne a kan tabarma ƙarƙashin mangwaro, Musulmi da Kirista, kowa ta lulluɓe ƙirji tana satar kallon na 'yar'uwarta.

Sista, kamar yadda kowa ke kiranta, ta ce mu rufe ido, mu ja numfashi a hankali, mu bi jikinmu da hankali tun daga yatsun ƙafa. Duk abin da muka ji, kada mu kore shi, kada mu yanke masa hukunci, kada kuma mu buɗe ido. Ni kuwa tun a sakandare ba a san ni da saɓa umarni ba.

Can sai na ji wani abu yana gangarowa siri-siri daga ƙirjina zuwa ciki. Wurin da ya yi wata bakwai kamar ba nawa ba! Na ce a raina, ikon Allah, tun ranar farko aiki ya fara ci. Na ƙara natsuwa. Sai na ji tsikari a yatsan ƙafa, sannan a ƙauri. Na ce wannan ma ban yanke masa hukunci ba. Sai da wani abu mai ɗumi da farata ya dira a cinyata ya cusa kai cikin hijabina, sannan na buɗe ido. Kaza ce, uwar 'ya'ya, ga 'yan tsakinta sun kewaye ni, ga zakara yana kiran sauran. Acca ta yi layi tun daga bakin ƙofa har inda nake zaune.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Wata dattijuwa 'yar Kudenda da ke gefena ta kalli kajin, ta kalli gefen da ya lotse, ta ce, "Hajiya, ke har ciyarwa kike yi da naki. Ni safar mijina ce, ko ɓera bai kula ta."

Ta zaro safar ta ɗaga. Wata ta fito da tsohon ɗankwali, wata da soson katifa. Muka yi ta dariya har ina riƙe wurin ɗinki, ban ma san lokacin da dariyar ta koma kuka ba. Sista ba ta hana kowa ba. Da muka lafa ta sa na ɗora tafina a kan tabon, in yi numfashi kawai. Na ji zuciyata tana bugawa a ƙarƙashinsa, kusa ƙwarai. Ashe wurin da nake gudu, nan ne rai ya fi kusa da hannu.

Na dawo gida kafin magariba, gefe ɗaya fayau. Na iske maigidan a ɗaki ya dawo daga aiki. Da kunya da komai na kwashe labarin na faɗa masa. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce kwanaki ke nan yana tsintar acca a kan gado da dardumar salla, ya ɗauka wani magani aka ba ni na barbaɗawa don ya nisance ni, ya rasa wanda zai tambaya.

Wannan maganar ta karya mini zuciya. Na cire hijabin da hannuna, da sauran hasken rana a taga. Ya daɗe yana kallo, sannan ya sa hannu a hankali ya yi bismilla.

"Maman yara," ya ce, "wannan ne kika hana ni kanki saboda shi? Ai nan ne ƙofar da ciwon ya bi ya fita."

Yau shekaru sun ja, har jikoki gare mu. Abin da na koya shi ne, jikin da Allah ya bar mini amana ne, ba abin kunya ba, kuma ɓoyon da na ɗauka sutura ce, shi ne ya kusa raba ni da mijina. Duk macen da aka yi wa irin aikina, ina ce mata ta zauna ta saurari jikinta, ta kuma yi wa maigidanta magana tun kafin kaji su yi mata.