Ranar da Baba Ya Tambayi Baƙo

Damanar da na shiga aji uku na firamare, wata safiyar Laraba, muka tashi muka tarar gulbi ya cika ya batse, ya cinye mashigi har da gindin farun da muke wanki. Kafin hantsi ƙofar gidanmu ta cika da waɗanda ruwa ya tsare: masu jakuna da buhunan dawa, mata masu tallan nono, da wani direba da ya baro motarsa cikin taɓo yana ta zagin hanya. Gidanmu ne masaukin baƙi a ƙauyenmu na bakin gulbi, can ƙasar Bungudu. Kakanmu ya gina shi tun zamanin fatake, dogon zaure da jerin ɗakunan laka masu kaurin bango. Ni da ƙannena mu ke shara da shimfiɗa tabarmi da ɗebo ruwa, muna yi muna gunaguni, don baƙi na hana mu wasa a rairayi, ga Inna na rage mana tuwo saboda su.

Doka ɗaya ce a gidan, ba a tambayar baƙo. Baba yakan ce, "Wanda ruwa yat tsare, ba a ce mai daga ina. A ba shi wuri, in ya so shi faɗi da bakinai." Duk yaron da bakinsa ya yi ƙaiƙayi, ranƙwashi ne rabonsa. A haka muka saba da Buba, wani makiyayi da ke sauka duk damina da man shanu a ɗan kwano, ba mu taɓa sanin inda rugarsu take ba.

Na soma girma daji ya lalace. Aka fara ɗauke mutane a gonaki, sai aka shiga raɗe-raɗin cewa masu kai wa ɓarayin daji rahoto a zaurenmu suke kwana. Maƙwabta suka ce wa Baba ko ya riƙa tambaya, ko su cinna wa masaukin wuta. Ana cikin haka Buba ya iso da yamma, a jiƙe, ya tsufa, shi ma an kore masa shanu. Mutane suka taru suka zuba wa Baba ido. Ina tsaye na ji Baba ya ce, "Buba, daga ina kaf fito?" Buba ya dube shi ya ce, "Daga inda nika fitowa kullum, Malam." Ya ɗauki sandarsa ya bi gaɓar gulbi cikin yayyafi, ba mu sake jin labarinsa ba. A makon nan Baba ya toshe ƙofar zauren da tubali da hannunsa.

Yau ɗakunan sun rushe, awaki ke fakewa a ciki, wanda ruwa ya tsare kuma sai dai ya koma inda ya fito. Ni ma a Gusau, in aka buga ƙofata sai na ce wane ne kafin in buɗe, kuma har yanzu kunya nake ji.