Kwallin Baba

Ranar wata Laraba cikin azumin farko na korona, muna kulle a ɗan gidanmu na bene a unguwar Sentul, can Malesiya, 'yata Hafsa ta miƙo min waya. "Ummi, duba lah!" Malamarsu ce ta ba su aiki kan fuskokin katako da mutanen Masar na dā suke sassaƙawa, su fente, su ɗora a kan akwatin gawa don a gane mamaci. Na so in mayar mata da wayar, don ni ina gudun duk abin da ya yi kama da gunki. Amma baƙin da aka zagaye idanun da shi ya hana ni ɗauke kai.

Mahaifina masassaƙi ne. Tun da hantsi yake zama gindin ƙirya a ƙofar gida, gizago a hannu, yana fitar da turmi da akushi da muciya. Idan na taso daga firamare, aikina goge akushi da ganye mai kaushi, da kwashe ɓarɓashin itace in kai wa Inna murhu. Sau uku nake gogewa, kada sartse ya soki wani ya zama alhakina. Har daga ƙauyukan nesa ake zuwa neman turminsa, ni kuwa in tsaya kusa da shi ina hura hanci. Da na roƙe shi 'yar tsana, sai ya sassaƙa min mai kai sumul, ba ido ba baki. Na yi kuka, ya ce, "Uwata, fuska ba aikina ba ne." Shi kansa bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Adonsa ɗaya ne: kowace Juma'a in riƙe masa tandu, ya rangaɗa kwalli, ya ce, "To, na yi kyau?"

Hafsa ta tambaye ni, "Kaka yaya kamanninsa?" Ya rasu kafin a haife ta. Na laluba, na laluba, fuskar ta ƙi zuwa. Na kwana biyu ina zargin kaina.

Ranar Juma'a, masallatai a rufe, na ɗauko kwallina na ce Hafsa ta matso, na shiga sa mata. Tana ta mutsu-mutsu tana cewa da yaji. Da ta buɗe ido ta ce, "Na yi kyau?" sai ga su nan, manya, masu ɗan lumshewa, suna kallona.

Su Masarawa a itace suka adana nasu. Baba bai bar ko hoto ɗaya ba, amma ga idanunsa har Malesiya.