Firizar Kulsumu da akwatin da Alhaji ya ara

Har yau in aka ambaci Kulsumu mai ƙanƙara a Ƙauran Namoda, sai wani ya taɓe baki ya ce, "Wadda ta shiga zauren maza?" E, ita. Maƙwabciyata ce shekara goma sha ɗaya, ni zan faɗi abin da ya shigar da ita.

Mijinta ma'aikacin tashar jirgin ƙasa ne. Ya rasu shekarar da aka ba mu jihar Zamfara, ya bar mata ɗiya huɗu da ɗaki biyu a cikin gidan wansa, Alhaji Tambari. Da ɗan abin da ya bari ta sayi tsohuwar firiza, tana ƙulla ƙanƙara da zoɓo. Har daga Kasuwar Daji ake zuwa sari. Cin yaran nan da karatunsu duk a jikin firizar yake.

Kun dai san wutarmu. Yau ƙwan fitila ya yi ja kamar garwashi, gobe ya yi haske har ya fashe. Shi ya sa ta haɗa da sitabilaiza, ɗan akwatin ƙarfen nan mai daidaita wuta kafin ta shiga inji. Kuma da an ɗauke wuta take zare waya. In an kawo, unguwa ta ɗauki ihu kowa na rige-rigen jonawa, ita sai ta tsaya ta zuba wa ƙwai ido har ya natsu. Muka riƙa yi mata dariya. Ranar da wuta mai ƙarfi ta shigo ta cinye rediyona da fankar liman, firizarta ko gezau.

Da shari'a ta zo aka rufe gidajen kallo, Alhaji ya sayo bidiyo da talabijin ya kafa a zaure. Farkon azumi, bayan azahar dattawa kan taru su kalli wa'azi. Sai ya aiko uwargidansa: a ba shi aron akwatin, kwana ɗaya. Wa ke hana wan mijinta abu, tana zaune cikin gidansa? Ko sunansa ba ta kamawa. Ta cire ta bayar, ta kashe firiza.

Kwana ɗaya ya zama huɗu. A azumi fa, lokacin da ko maƙiyinka ke neman ƙanƙara! Zoɓo ya yi tsami, ta zubar a kwata. Ta aika sau uku, ana cewa yana da baƙi. Rana ta huɗu ta tare shi a tsakar gida, ta durƙusa.

"Yaya, don Allah akwatin nan."

"Ke Kulu, ki jona ta hakanan mana. Mi za ya hwaru?"

"In wuta mai ƙarhi ta zo, ƙonewa za ta yi."

"To ni nawa kayan ba ya ƙonewa? Ki dogara ga Allah, abin da bai ƙaddara ba, ba ya samun bawa."

Ji fa! Shi da ya dogara, me ya hana shi jona bidiyonsa hakanan?

Ta shigo wurina idonta jajur. Na ce, "Kulu, ko ni in je?" Ta ce, "A'a Ladidi, ke kina da miji, kar a ja maki." Ta gyara hijabi ta fita, na bi ta a baya.

Ta yi sallama a bakin zaure sau uku, ba wanda ya amsa, malamin cikin talabijin ya cika wuri. Ta cire takalmi ta ratsa tsakanin maza goma sha wani abu, ta kashe soket, ta zare wayoyi, ta rungumi akwatinta. Wani tsoho ya ce, "Subhanallahi! Yarinya, ba ki ga mutane ba?"

Ta ce, "Na gan ku, Baba. Ku ma kwana huɗu kuna ganin kayan marayu."

A cikinsu akwai masu sayen ƙanƙararta, sun san sarai akwatin na wane ne, amma duk kwanakin nan ko ɗaya bai buɗe baki ya ce a mayar mata ba.

Kafin la'asar Alhaji ya sa an yanke wayar da ta shiga ɗakinta, wai mitar tasa ce, ba ya ba marar kunya wuta. Da maigidana ya dawo na gaya masa, ya ce a kawo firizar gidanmu. Washegari aka ɗoro firizar a amalanke, aka ajiye ta a rumfata.

Shekara shida tana zagayowa ta ƙofarmu da bokitan ruwa a ka, safe da yamma, har babbar 'yarta ta gama sakandare. Dangin mijinta suka daina gayyatarta suna da biki. Alhaji kuwa, sati bai cika ba ya tafi Gusau ya sayo nasa akwatin, sabo fil, wanda ya fi nata girma.