Dabinon da Na Shayar Shekara Tara

Matso kusa ka ji. Ja tabarmar nan, amma kar ka jingina da bishiyar, ƙaya gare ta. Labarinta ma nake so in ba ka, don na gaji da riƙe shi ni kaɗai.

Shekarar da muka tare a gidanmu na Yalwawa, wata maƙwabciyata ta dawo daga aikin Hajji ta aiko min da tsarabar dabino. Ban taɓa cin mai taushi da zaƙi irinsa ba. Na tsotse ƙwallon na kasa yarwa, sai na tona rami a kusurwar tsakar gida, inda ba a yi gini ba tukuna, na binne. A tunanina, mai zaƙi ai mai zaƙi zai haifa.

Malam, maigidana, ya tsaya a kaina da buta a hannu ya ce, "Ke, dabinon ƙwallo sa'a ne. Ko ya fito mace ya yi 'ya'ya, ko namiji ya tsaya miki ƙiƙam. Kuma ba zai faɗa miki ba sai ya shekara da shekaru yana shan ruwanki."

Na ce, "To Malam, a yi mana fatan alheri mana." A raina kuwa na ce bakinka ya sari ɗanyen kashi.

Da bishiyar ta tsiro, ruwan alwala, ruwan wankin shinkafa, duk gindinta. Da rani, in mai ga-ruwa ya kawo jarka, sai na ɗebar mata kafin in ɗora tukunya. Kuma duk wanda ya shigo gidan sai na tambaye shi, mace ce ko namiji? Abin da ban lura ba sai yanzu, ba amsa nake nema ba, abokin ra'ayi nake nema. Akwai wani dattijo da ya tsufa a aikin lambun dabino, shi ke hawa yana ɗaura furen namiji a kan na mace don su yi 'ya'ya. Ya zagaya ta, ya taɓa ganyen, ya ce, "'Yar nan, ƙayar ta yi kauri, ganyen ya cika tauri. Ban rantse ba, amma ni namiji nake gani." Na tsinci "ban rantse ba" na adana, sauran na watsar. Wata mai tallar daddawa kuwa, wadda ko albasa ba ta taɓa shukawa ba, ta ce, "Haba, dubi ƙugunta, wannan ai mace ce!" Ita na ba tsohon zanena.

A shekara ta shida babban ɗana ya tashi aure. Gidan namu ba wani girma ne da shi ba, filin da ya rage kaɗai shi ne wannan kusurwar. Ya durƙusa a ƙofar ɗakina ya ce, "Umma, ɗaki ɗaya ne fa. Ko ciki da falo ban ce ba."

Na ce, "Shekara shida ina ɗaukar mata ruwa, sai yanzu da ta kusa za a sare?"

Ƙanwarsa tana daka a gefe ta ce, "Yaya, yi haƙuri, ka taɓo 'yar autar Umma. Mu ma da muke nan ba a ba mu ruwa kafin ita."

Aka yi dariya, har da ni. Shi bai yi ba. Malam ya ce min, "Shida ɗin nan sun tafi, ko an sare ko an bari. Gaba za ki duba." Na ji shi sarai, kunnena ba ya barin magana ta wuce. Amma ji daban, ɗauka daban.

Yaron ya kama haya, daga baya ya kwashe keken ɗinkinsa ya koma Taura, garin su matar. Jikokina biyu, sai da Sallah nake ganinsu, ƙaramar ma ƙyuya take yi min.

A shekara ta tara bishiyar ta yi fure, fari sol, in iska ta kaɗa yana zubo da gari. Dattijon nan ya zo ya ɗaga kai ya ce, "Namiji ne, lafiyayye kuwa. A ba ni furen in kai lambu." Ka san me na ce bayan ya fita? Na ce, "To ai ga shi yana da amfani." Ko ranar ban rasa hujja ba.

Yanzu yaron ya aiko cewa haya ta ishe shi, in za a ba shi wurin zai buga bulo bayan girbi ya dawo da iyalinsa. Sau biyu mai gatarin da aka kira ya sare ta yana sallama. Na farko na ce kaina ke ciwo, na biyu na ce Juma'a ce. Gwiwoyina sun gaji, bokiti ma da ƙyar nake ɗagawa, amma yau da safe sai da na tsinci kaina ina juye ruwa a gindinta. Ranar Asabar mai gatarin zai sake dawowa. In kai ne, da ka ji sallamarsa a zaure, me za ka ce masa?