Baƙin Man Gwaggo

Wata bakwai na yi ina fama da buntun shinkafa kafin ya ba ni abin da nake so. Aikin digirina na biyu ke nan a jami'ar da ke Kalgo: in mai da tsohon man suya ya zama dizal ɗin da injin ban ruwa zai sha. Hanyar da aka saba ita ce a haɗa mai da sodar yin sabulu da wani sinadari da ake kira metanol. To amma soda 'yar gata ce, sai da sabon mai. Man da ya sha wuta ya gaji tsami ke yi masa yawa, yana haɗuwa da soda sai ya kame ya koma sabulu, a tashi a tutar babu. Ni dabarata ita ce in ƙona buntu ya zama gawayi, in jiƙa shi a asid mai ƙarfi, in wanke, in busar. Garin da ke fitowa baƙi ne kamar kwalli. Yana cinye tsamin mai ba tare da an samu sabulu ba, kuma in an gama a tace shi a sake aiki da shi. Sai da asid ya huda mini riga biyu kafin garin nan ya yi kyau.

Mai kuwa ko a jikina. Ina ganin ai ƙasar ƙosai da soyayyen kifi muke, tsohon mai sai na ture. Ashe ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Da na fara zagaya masu suya a Kalgo na gane abin da na sani tun ina yarinya amma boko ya mantar da ni: a wurinmu mai ba ya tsufa. In ya ja baya a ƙara sabo a kai, gobe ma haka, har Mahadi ya bayyana. Ɗan baƙin da ke kwanciya a gindin kasko shi nake so, shi ne kuma ba mai ba ni. Wata mai ƙosai ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Gindin kaskona za ki kai ma wa? Kasuwata kika so ki kashe?" Washegari da ta hango ni sai ta jawo faifai ta rufe kaskon. Ni da na yi shekaru ina karatun kimiyya, ga ni an mai da ni 'yar aiken boka. Ranar har gida ina huci.

Ana cikin haka malamina ya kira ni ya ce mai jarrabawa daga waje sau ɗaya yake zuwa a shekara, wanda sakamakonsa bai kammala ba sai baɗi. Hutun karatun da aka ba ni a makarantar da nake koyarwa kuma da shekarar zai ƙare. Sai na hau mota na nufi gida Gwandu, wurin Gwaggo.

Gwaggo yayar babana ce, ita ta yaye ni, kuma tun kafin a haife ni take suyar kifi a bakin tasha. Na zauna kan tabarmarta na yi mata bayani dalla-dalla. Na ce baƙin nake so, mai ƙauri, wanda ko ita ba za ta sa a miya ba. Na ce ta riƙa juye mini shi a jarka kullum har wata biyu.

"Mi za ki yi da ƙazanta, ɗiyata?"

"Gwaggo, ƙazantar ita ce aikin. In ya fi muni ya fi mini kyau."

"Kuma malamanku na ganin shi?"

"Su za su duba ma."

"Su san daga gidanmu ya hito?"

Na ce ƙwarai, har a takarda zan rubuta cewa daga kaskon mai kifi a Gwandu aka samo shi. Na faɗi haka ne don ta ji daɗi. Ta yi shiru tana juya kifi, can ta ce, "To, Allah shi kai mu." Da ina da wayo, da a wannan shirun na tsaya.

Da na koma Kalgo, duk mako sai na kira ta, ta ce jarka tana cika. Saura mako uku a rufe karɓar aiki direban garinmu ya sauke mini jarka ruwan ɗorawa, an ɗaure bakinta da leda da roba tamau. Ban buɗe ba sai a ɗakin gwaji, gaban malamina, ina ta rawar kai. Ina kwance ledar ƙanshin ƙuli-ƙuli ya bugi hancina. Na tsiyaya a kwalba, sai ga mai garau, kana hango yatsanka ta bayansa. Duk da haka na yi awon tsami, wanda ake ɗiga magani har mai ya juya ruwan hoda. Tsohon mai sai ya sha magani ya ƙoshi kafin ya juya. Wannan kuwa ɗigo kaɗan ya juya. Malamina ya cire tabarau ya ce, "Malama, wannan ai ko soda ta ishe shi. Me garin buntunki zai nuna mana a nan?"

A ranar na koma Gwandu, ko mayafin kirki ban tsaya ɗauka ba. Na tarar da ita tana fere kabewa a tsakar gida. Allah Ya yafe mini, ko gaisuwa ban gama ba.

"Gwaggo, ina man da na ce ki tara mini?"

"Bai kai gare ki ba? Gyaɗar gonata ta Masama ce, duka na bada anka matse. Ko ɗigon ruwa babu ciki."

"Baƙin nake tambaya! Baƙin!"

Ta ajiye wuƙa. "Na tara shi, yadda kinka ce. Ran da za a kai na zuba a kwano na duba. Wallahi ɗiyata, ko kare ba ya lasa tai. In aika ki da wanga gaban manyan mutane, su ce abin da gidanku ka ci ke nan? Su rubuta a takarda? Ina raye ba a yi miki wagga dariya."

Na ce shekara guda ta jawo mini. Na ce sau nawa na faɗa mata, da wane yare take so in yi magana. Na faɗi wasu maganganun da har yau in na tuna sai in ji kunya. Gyaɗar nan ita take sayarwa da kaɗan-kaɗan ta kai ta damina, na sani sarai, sanin kuma bai rage mini haushi ba, ƙara shi ya yi, don ya hana ni inda zan sauke shi. Da na gaji na ce to a ba ni baƙin, ko yanzu in na yi da gaske zan iya cim ma wani abu.

Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da kwando an rufe da tsumma. Ta ajiye a gabana ta yaye. Dunƙule-dunƙulen sabulu ne, sun kai ashirin, sun bushe sun yi tauri.

"Ban zubar ba," in ji ta. "Maƙwabciyata ta sa mishi soda. Ta ce ba ta taɓa ganin man da ya kama da wuri kamar wanga ba."

Na zauna a ƙasa ina kallon kwandon. Abin da na yi wata bakwai ina neman hanyar hana shi faruwa, ga shi an yi mini shi da hannu, an jera. Dariya ta zo mini, kuka ya riga ta fita.

Ban shiga jarrabawar shekarar ba. Na koma aji ina koyarwa, ranar Asabar in hau mota zuwa Gwandu in tsuguna gefen kaskon Gwaggo in juye baƙin da hannuna, tana kawar da kai kamar ba ta san ni ba. Farar rigar ɗakin gwaji kuwa da sabulun nan na yi ta wanke ta har shekara ta zagayo, kuma yana fitar da datti sosai.